Watandar Kifi a Tekun Chana

Tun ranar da na dawo ban huta ba. Wannan ta yi sallama ta ce a ba ta labari, ina tsakiyar bayarwa wata ta shigo, sai an koma farko. Shekaranjiya har tuwo na ƙona, don Maman Ummi ta tsare ni a bakin murhu tana tambayata wai da gaske ne suna cin kwaɗi. To ga shi na zauna na rubuta da ɗan bokon yaƙi da jahilcin da Allah ya ba ni. Wadda ba ta iya karatu ba ta ba 'yarta ta karanta mata, ni kuma a bar ni in sha ruwa.

Kun dai san ni. Ban da Zariya da aka taɓa ja na biki, ba inda na sani. Ko kasuwar Rimi sai in ba wanda zan aika. Abin da ya fitar da ni daga ɗakina har bayan duniya, yaron nan ne. Kun gane wanda nake nufi, na farin, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Tun yana yaye mahaifinsa ya rasu, wana Yaya Sabo na Kantin Kwari ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa. Shi ya sa har yau Baba yake ce wa Yaya, ni kuma Gwaggo, kamar yadda ya ji sauran yaran gidan suna faɗa. Ban taɓa gyara masa ba. Da wane bakin?

Ya yi karatu har ya samu aka ɗauke shi wata jami'a a Guangzhou, garin da Yaya yake zuwa saro kaya. Yaya ya yi murna a lokacin, don a lissafinsa yaro zai koyi yaren, in ya gama ya zauna masa a can yana kula da dilolin wandon jins. Sai hotuna suka fara zuwa a waya. Kullum yaro yana cikin jirgin ruwa, kusa da wani ɗan Chana mai tumbi da ya ɗaga kifi yana dariya. Ran nan Yaya ya shigo ɗakina ko zama bai yi ba.

"Binta, ki shirya, da ke za ni."

"Ina, Yaya?"

"Chana."

"Ni? Me na yi?"

Ya ce, "Na tura yaro karatu ya zama ɗan rakiyar masu shaƙatawa. Wai kifi yake ƙirgawa. Yanzu kuma yana neman a ƙara masa wasu shekarun. Zan cire shi in sa shi a shago, amma ba na so gobe ki riƙa kallona a kaikaice. Ki je ki gani da idonki. In kin ga aiki ne, ki faɗa, na bar shi."

Yaya ɗan kasuwa ne, bai taɓa shiga ciniki da ka ba. Duk dangi ya rasa wanda zai ɗauka shaida sai macen da ko a mafarki ba za ta buɗe baki ta yabi ɗan farinta ba. Na ce, "To, Yaya." A raina kuwa na san yaron yana son abin nan da yake yi. In ya kira waya a gaisa da mutan gida, ina daga gefe ina tankaɗe, kunnena yana wurin. Muryarsa takan canza in ya zo kan maganar teku.

Wahala ta fara tun daga hoton biza. Mai hoton ya ce sai kunnuwana sun fito. Kunnuwan da maƙotana ba su san kamanninsu ba, yau ga su za a aika wa gwamnatin Chana. A jirgi kuma Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Rabi 'yar Maraɗi, mai sarar labule, wadda ta mai da hanyar kamar tsakar gidanta. Da jirgi ya tashi na riƙe hannunta na fara kalimar shahada da ƙarfi, ta ce, "Haba baiwar Allah, ki rage wani abu don sauka." Ita ta ɗaure min bel, ita ta nuna min banɗakin da in ka danna yake ƙara kamar zai haɗiye ka. Kafin mu sauka ta koya min kalma uku. Nihau, sannu ke nan. Sheshe, na gode. Meyo, babu.

"In ɗan Chana ya ce miki meyo," in ji ta, "kada ki tsaya magiya irin ta Kano. Babun nan tasu ba ta da ƙofar baya."

Da muka sauka aka ce kowa ya ɗora yatsu kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi ni. Na goge a hijabi na sake, ta ƙi. Ashe lallen da kuka taru kuka ƙunsa min don in je da kyau ne ya rufe zanen yatsun, ga kuma abin da wanki ya cinye tun da. Jami'in ya kama hannuna da safar roba yana juyawa kamar mai duba ƙosai, layi ya taru a bayana, Yaya yana can tsallake yana yi kamar bai san ni ba. Da ƙyar ƙaramin yatsa ya cece ni. Muna ɗaukar jaka kuma wani kare mai riga ya zo ya zauna a gaban tawa, zama irin na mai jiran biyan buƙata. Aka buɗe. Kilishin da na ɗauko wa yaron suka ɗauke, ba ko sannu. Sai jami'in ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya taku biyu. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, suka yi shawara, suka ƙara mata leda suka miƙo min da hannu biyu. Na ce sheshe. Nan na fara amfani da karatuna.

Yaron yana bakin ƙofa yana jira. Ya durƙusa ya gai da Yaya, sannan ya juyo ya ce, "Gwaggo, sannu da hanya." Na kalli tayar amalanken kaya na ce, "Yawwa." Amma na gan shi da wutsiyar ido. Ya rame, rana ta dafa shi, sai dai kafaɗarsa ta buɗe.

Masaukinmu ɗakinsa ne a wata unguwa da ake kira Panyu, can saman wani bene da in ka leƙa ƙasa motoci suke komawa kamar kiyashi. Gidan duka, da ɗaki da falo da kicin, bai kai rumfar awakina ba. Ya bar min gadon, shi da Yaya suka shimfiɗa a falo. Mutanen benen ba sa gaisuwa. Za ku shiga lifta tare, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa ya sa ido a waya. Na yi ta rabon nihau kamar goron biki, wata tsohuwa kaɗai ta amsa, ita ma sai da ta waiga ta ga ko da wani nake. Amma da yamma sai ka ga tsofaffin nan mata, sa'o'in Inna Tasalla, sun fito fili sun kunna kiɗa sun jeru suna rawa da mafitai, ba biki ba suna. Na tambaya wa aka haifa, aka ce motsa jiki ne. Ruwa kuma da zafinsa suke sha, ga gari ana zufa. Ka ce a ba ka mai sanyi su kalle ka da tausayi.

Abinci a wurin wasu Musulminsu muke ci, masu farar hula, da suke murza kwaɓin fulawa a hannu su ja shi su naɗe su sake ja har ya zama taliya a gabanka. Da na ji mai shagon ya ce salamu alaikum da wannan fuskar tasa, sai da ƙwalla ta zo min. Aka kawo taliya da tsinke biyu. Na ɗauka na sakace ne, na ajiye gefe ina jiran cokali. Da na gaji da taliya na kaɗa mana miyar kuka a gida, na zuba daddawar nan da gwamnati ta yafe min. Ba a jima ba maƙocin ya ƙwanƙwasa, hanci a toshe, ya zo da mai gyaran famfo. Yaron ya daɗe a bakin ƙofa yana ba da haƙuri da yarensu, ya dawo ya cinye kwano biyu.

Washegari Yaya ya kai mu Xintang, garin jins. Ban taɓa ganin wando da yawa haka ba, har ruwan kwata shuɗi ne. Na ga wani bawan Allah zaune da sabon wando fil a cinya, yana gurza gwiwar da wani abu har sai ta yage. Na ce, "Yaya, wannan haushin maigidansa yake ji?" Ya ce a'a, yagaggen ya fi tsada. Ya shigar da mu wani shago da ya kama, ba komai ciki sai tebur da kujera mai juyawa. Ya dafa teburin ya kira sunan yaron ya ce, "Ga wurinka." Yaron ya kalli teburin kamar yadda rago yake kallon turke ranar jajibere.

A hanyar dawowa, cikin jirgin ƙasan nan da yake bi ta ƙarƙashin gari, ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, gobe akwai fita. Ku zo ku gani kafin a yanke."

"Me zan gani? Kifi?"

Sai ya yi bayani, yana kallon Yaya, amma na san har da ni. Ya ce masunta na sana'a kasuwa suke kai kifinsu, don haka an san abin da suke kwasa. Amma akwai masu hali da suke ɗaukar jirgi shata a ƙarshen mako su shiga teku da sandar fatsa don nishaɗi kawai. Su gida suke wucewa da nasu, ba wanda ya san yawansa, ga shi kifin yana raguwa. Aikinsa shi ne ya bi irin waɗannan jirage, ya ga mutum nawa suka jefa fatsa, tsawon wane lokaci, wa ya kama me. Wanda za a mayar ruwa yakan auna shi nan take. Wanda za a tafi da shi gida kuwa kowa yana tarawa a bokitinsa, sai a hanyar dawowa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya auna.

"Mayarwa ruwa?" in ji Yaya. "Mutum ya biya jirgi, ya sha rana, ya kama kifi, ya mayar?"

"In ƙarami ne, ko in ba ya so."

Yaya ya juyo ya ce, "Binta, kin ji aikin." Na ce, "Na ji, Yaya."

Yaron ya ƙara da cewa gobe malamarsa ta jami'a ma za ta bi jirgin ta ga yadda yake aiki, don ita ce za ta sa hannu a ƙara masa shekarun. Wannan kam ta zauna min a ƙirji.

Bayan asuba muka ɗauki hanya zuwa kudu, inda kogin garin yake zubawa a teku. A bakin ruwa aka duba fasfo, aka sa wa kowa wata riga ruwan lemo mai kumburi. Ni a kan hijabi aka ɗaura min, na koma kamar tulu. Yaya da babbar rigarsa da hula ƙube ya ce shi ba zai sa ba, mai jirgin ya ce meyo, ya sa. Masu kamun kifin ba su kai goma ba, duk manyan mutane, kowa da sanda mai ƙyalli da bokiti mai alama a jiki. Cikinsu akwai wani tsoho mai malafa, yaron ya ce likitan haƙori ne da ya yi ritaya, shi ya matsa min na zauna, ya ba ni alewar citta yana nuna cikinsa. Malamar kuwa 'yar firit ce, gashi duk furfura, in tana gefen hanya sai ka ɗauka mai sayar da ganye ce. Ta gaishe mu da kai ta zauna a lungu.

Teku dai ruwa ne. Kada wadda ta sake tambayata. Ku ɗauki madatsar ruwan Tiga ku cire mata bakin gaɓa, ku sa ta tana numfashi.

Da jirgi ya tsaya aka fara jefa fatsa, sai na ga wani mutum daban. Yaron nan da ba ya iya haɗa ido da kowa a gida, ga shi yana zirga-zirga ba ya ko dafa ƙarfe, yana yi wa masu tumbi magana da yarensu suna amsawa da ladabi. Wani ya ciro ɗan kifi, kafin ka ce me ya kwantar da shi a kan wani katako mai lambobi, ya danna a wayarsa, ya zare ƙugiyar a hankali ya sake shi a ruwa. Na ga malamar tana gyaɗa kai. Na so in ce wa Yaya ya duba.

Ko da na faɗa ma ba zai gani ba. An ba shi sanda don girmamawa, ya riƙe ta kamar mai kora shanu, bai daɗe ba fuskarsa ta koma kalar toka. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa sama ya zo Chana, ruwa ya kayar da shi a zaune. Ya ba teku taliyar jiya da shayin safe, hularsa ma ta bi su. Bokitinsa ko ɗan ƙaramin kifi babu.

Can sai ihu ya tashi. Tsohon likita ya kamo wani jan kifi, tsawonsa ya kusa hannuna tun daga kafaɗa. Ya daɗe suna ja-in-ja kafin ya fito. Kowa ya tafa. Yaron ya ce min tun da ya ajiye aiki yake bin teku bai taɓa kama irinsa ba, kuma ya ce ba zai yi hoto ba sai an kwantar da shi a kan katako lambar ta fito, don abokansa ba sa yarda da hoton hannu. Aka sa shi a bokitinsa, jela a waje.

Rana ta take, aka naɗe fatsa, jirgi ya juya. Kowa ya shige rumfar ciki cin abinci. Yaron ya ɗauki katakonsa zai fara bin bokitai, sai Yaya ya yi wani nishi daga ciki ya kira sunansa. Ya ajiye katakon ya ruga. Malamar ma ta bi shi da wani ɗan man shafawa. Aka bar ni ni kaɗai a bayan jirgi, ni da bokitai.

To ku sa kanku a matsayina. Ga kifi a rana, ciki bai fita ba, ido ya fara fari. Ga bokitin wani ya cika, na wani rabi, na wana babba wayam, a gaban baƙi. Ga yaro yana can yana wanke amai, in ya fito kuma duk wannan tulin yana jiransa, malamarsa tana kallo. Na ce a raina, ba ni da bakin da zan taimake shi, amma ina da hannu.

Na leƙa wurin mai jirgin na yi masa alamar yanka. Na zaci zan ji meyo. Sai ya washe baki ya miƙo wuƙa, ya kunna min tiyon ruwa, har da ɗaga babban yatsa. Daga baya na ji ashe gyaran kifin aikinsa ne in an sauka, ya samu wadda za ta ɗauke masa. Na tattare hijabi na ɗaure a ƙugu, na juye bokitan duka wuri guda, na yi bismilla. Kun san hannuna a aikin layya. Na kankare, na farke, na cire kai da jela na tara gefe don miya. Jan nan na likita na yi masa gunduwa-gunduwa masu kyau. Sannan na kasa kamar yadda ake watanda, kowa da kashinsa, har malamar da mai jirgi. Tsoka mai kauri na ɗora wa Yaya da likita, su ne manya. Na wanke wurin tas. Ban taɓa aikin da ya yi kyau haka ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban ga wanda aka zalunta a rabon ba.

Yaron ne ya fara fitowa, katako a hannu. Ya tsaya. Ya kalli kashi-kashin nan a jere, ya kalli bokitai a kife suna tsanewa, ya kalle ni.

"Gwaggo," ya ce.

A wannan kalmar na gane. Kunnena bai taɓa yaudarata ba.

Sauran suka fito. Likita ya tafi wurin bokitinsa ya ɗaga, ya duba ƙarƙashi, ya zo kan tulin kawuna ya tona har ya samo jan kan. Ya ɗaga shi da hannu biyu yana kallonsa ido cikin ido. Sai ya fara wani sauti da na kasa rabewa ko kuka ne ko dariya, ya zauna daɓas a ƙasa. Malamar ta cire hularta ta riƙe. Ba wanda ya yi min tsawa. Da sun yi ma da ya fi min sauƙi.

Yaya ya rarrafo yana dafa bango, kai ba hula. Da ya fahimci abin da ya faru, sai jini ya dawo masa fuska, don an zo wurin da ya iya.

"Kai, kwantar da hankalinka," ya ce wa yaron. "Wannan ai ba komai ba ne. Ga kai, ga jela, ga tsakiya. Haɗa ka auna." Ya tsuguna ya fara jera gunduwa a kan katakon da hannunsa, kan wannan, cikin wancan, ya haɗa wani kifi da Allah bai halitta ba.

"Baba, ba na jikinsa ba ne. Kuma ban san na bokitin wa ba ne."

"To ai ka ga lokacin da suke kamawa. Kintata ka rubuta. Matar nan ta san Hausa ne?"

"Ban auna ba, Baba."

"Ka ce ka auna mana! Kifin ne zai kai ƙara?"

"Ban auna ba."

A gaban mutane, yaron da bai taɓa musa wa Yaya ko da kallo ba. Ya juya wurin malamar ya yi magana a tsaye, ba ya in'ina. Na ja rigar Yaya na ce ya fassara min. Ya ce, "Ni lissafi na sani da yarensu, wannan ba lissafi a ciki." Daga baya yaron ya gaya wa Yaya cewa ce mata ya yi aikin yau ya lalace, laifinsa ne da ya bar bokitai ba tare da ya yi wa baƙuwarsa bayani ba, kuma haka zai rubuta, ba zai sa lamba ko ɗaya ba. Malamar ta nuna ni ta yi tambaya. Ya amsa, kuma a cikin amsar na ji kalma ɗaya da ba ta buƙatar tafinta. Mama, ya ce. Na ja hijabi na rufe fuska, da ƙarnin kifin da komai.

Malamar ta daɗe tana kallon rabon. Sannan ta sunkuya ta ɗauki kashinta ta zuba a leda, ta ce min sheshe, fuska ba dariya. Ganin haka kowa ya ɗauki nasa. Likita ya ƙi tsokar da na zaɓar masa, kan kawai ya ɗauka, ya kwantar da shi a kan katako ya sa aka yi masa hoto da shi haka nan. Da muka sauka malamar ta ce wa yaron sai ya sake wasu fitar ya cike gurbin wannan, kuma za ta sake biyo shi kafin ta sa hannu. Ta ce a gai da mama, amma mama ta huta a gida.

A mota ni dai na san na gama da yaron. Na zo shaida na zama mai laifi, na kuma ba Yaya hujja a hannu: ga aikin banza, ga shi ma ya lalace. Sai da muka zauna a shagon masu farar hula aka kawo taliya, Yaya ya sha romo ya dawo hayyacinsa, sannan ya kira sunan yaron.

"In tambaye ka. A ce kana kan teburin nan na Xintang, an ɗaure dila, mutumin Kano ya bugo ya ce an ƙirga? Kai kuma ba ka samu ka ƙirga ba. Me za ka ce?"

"Sai in ce ban ƙirga ba, Baba."

"In kuma ya tambaye ka nawa muka saro?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "In ya tambaya..."

"Ya isa." Yaya ya ajiye kwanon. Ya juyo wurina yana nuna shi da tsinke. "Binta, kin gani ko? A gidana ya tashi, da abincina, ban san inda ya kwaso wannan hali ba. Wannan in na ba shi shago, kafin azumi ya rufe min Kwari. Ke ce shaida, yanzu sai ki faɗa. Wannan zai iya kasuwa?"

Tun daga Kano nake ɗauke da tsoron tambayar da za a yi min, ashe wadda zan iya amsawa ce. Na gyara zama, na kalli bango, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ina fa zai iya, Yaya. Ai tun yana ƙarami ba shi da wayo. Ka bar shi da kifinsa kawai, kada ya jawo maka asara."

"Na bar shi," in ji Yaya. "Allah ya shirya."

Yaron bai ɗago ba. Yana kallon cikin kwanonsa, ya ce a hankali, "Na gode, Gwaggo."

Na ce masa ya ci abincinsa yana hucewa.